Yadda masu wasan roka ke gyara na'urar GPS da ke nemo musu abin da suka harba

A hamadar Black Rock da ke jihar Nebada a Amurka akwai wani shimfiɗaɗɗen fili, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda masu sha'awar ƙera roka kan taru duk shekara domin harba abin da suka shafe watanni suna haɗawa a gidajensu. Galibinsu farar hula ne, akwai injiniyoyi, akwai malaman makaranta, akwai ɗalibai da 'yan fansho. A wannan fili ne, ranar 17 ga Mayun 2004, wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ake kira CSXT ta harba roka mai suna GoFast, wadda ta yi nisan kusan kilomita 116 a sama, ta zama roka ta farko da masu yi don sha'awa suka kai sararin samaniya.

Harkar tana da tsari da dokoki. Ƙungiyar NAR, wadda aka kafa a 1957, da takwararta Tripoli, su ne ke bayar da shaidar ƙwarewa a Amurka. Ana jera injinan rokokin da haruffa, daga A zuwa O, kuma kowane harafi yana ninka ƙarfin wanda ya gabace shi sau biyu. Daga harafin H zuwa sama sai mai takardar shaida ake sayar wa, sannan harba manyan rokoki na buƙatar izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar.

Duk wanda ya daɗe a wannan wasa ya san cewa harbawa ita ce mafi sauƙi. Rokar kan ɓace wa ido cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan kuma sai iska ta karɓi ragama. A ɗauki rokar da ta kai mita 3,000, lemar saukarta ta buɗe tun daga can ƙololuwa, tana saukowa da gudun mita 6 a daƙiƙa. Za ta ɗauki daƙiƙa 500 kafin ta taɓa ƙasa. Idan iska na kaɗawa da gudun mita 8 a daƙiƙa, a wannan tsakanin ta kwashe ta kilomita 4 daga inda aka harba ta, ta jefa ta bayan wani tudu ko tsakiyar gonar masara. A cikinta akwai kwanson inji, da na'urar auna tsayi, da kyamara, kayan da kuɗinsu kan kai ɗaruruwan daloli, ban da wahalar watanni. Abin da kawai ke tsakanin mai roka da wannan asara shi ne wani ɗan allon lantarki da bai fi yatsu biyu girma ba.

Abin da ke cikin na'urar

Na'urar bin sawu aiki biyu take yi, kuma rashin rarrabe su shi ne ke sa mutane ɓata lokaci wajen gyara. Na farko saurare ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kowannensu yana ta sanar da lokaci da kuma inda yake, a kan zangon megahaz 1575.42. Na'urar kan auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso gare ta, kuma da saƙon taurari huɗu take gano inda take. Lissafin yana da tsauri ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana nufin kuskuren mita 300 a ƙasa. Taurarin ba su san da zaman na'urar ba, ba kuma sa karɓar komai daga gare ta.

Aiki na biyu shi ne faɗa wa mai ita abin da ta gano. Na'urorin da ake maƙala wa motoci da babura a Najeriya suna yin wannan ne ta layin waya, shi ya sa ake sa musu katin sim. A hamada babu sabis, kuma ko inda yake, eriyoyin kamfanonin waya ƙasa suke kallo. Don haka masu roka suka koma ga ƙaramin rediyo da ke aika bayanin kai-tsaye zuwa wata na'urar da ke hannun mai nema. Wasu kamfanoni ƙanana sun shahara da wannan. Eggfinder na zuwa ne a warwatse, mai saye ne zai zauna ya like kayan da dalma da hannunsa. Altus Metrum, wanda Bdale Garbee da Keith Packard suka kafa, yana sakin zanen allonsa da manhajarsa ga kowa, amma na'urorinsa na aiki a zangon masu lasisin rediyon sha'awa, wajen megahaz 434. Featherweight kuwa yana amfani da fasahar LoRa, wadda ke kai ɗan ƙaramin saƙo nesa da wuta kaɗan.

Abin da ke kashe ta

Babban abin da ke raunata na'urar shi ne duka. Lokacin tashi, nauyin kowane abu a cikin roka kan ninka sau goma, sau ashirin, wani lokaci fiye. Sai girgizar buɗewar lema, sai kuma sauka, wadda idan lema ta ƙi buɗewa ta zama faɗuwa. Sashen da ya fi shan wuya shi ne eriyar GPS, wani ɗan murabba'in tangaran da ke zaune a kan allon. Shi ne mafi nauyi a wurin, alhali abin da ke riƙe da shi bai wuce gam da ƙusa guda ta dalma ba. Sau da yawa ba ya faɗuwa gaba ɗaya, dalmar ce kawai ke tsagewa tsagewar da ido ba ya gani. Na'urar za ta kama wuta, fitilunta su haska, rediyonta ya yi ta aika saƙo, amma saƙon babu wuri a cikinsa.

Na biyu shi ne albarushi. Ana amfani da ɗan kaɗan ne wajen tunkuɗo lema daga cikin roka, kuma hayaƙinsa na barin wata ƙura mai ɗauke da farar wuta. Da zarar ƙurar ta sha laima sai ta fara cin jan ƙarfen da ke kan allo. Na'urar da ta dawo lafiya lau daga fili, aka jefa ta cikin akwati ba a goge ba, kan wayi gari bayan wata biyu da tsatsa kore a ƙafafun kayanta. Maganin wannan mai arha ne, wato a wanke allon da sinadarin isofrofil da burushi mai laushi, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa masa wuta.

Sai batir. Galibin na'urorin na amfani da batirin litiyam mai bolt 3.7, wanda idan ya cika yake kai 4.2, kuma idan aka bari ya sauka ƙasa da 3 ya fara lalacewa. Wanda ya kumbura ko ya lotse ba a gyara shi, domin yana iya kamawa da wuta. Akwai kuma wani tarko da ya cinye alluna masu yawa: ƙaramin fulogin da ke bakin waɗannan batura kamarsa ɗaya, amma kamfanoni ba su daidaita kan wace waya ce ja, wace ce baƙa ba. Batir sabo fil daga wani kamfanin zai shiga soket ɗin daram, ya aika wuta a juye, ya ƙone allon kafin ƙiftawar ido. Minti ɗaya da mitar gwada wuta kafin a jona ya isa ya hana wannan.

Bin matsala daki-daki

Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja ba zai ga baƙon abu a kan teburin mai gyaran wannan na'ura ba. Kayan aikin su ne dai ƙarfen dalma mai siririn baki, da injin hura iska mai zafi, da madubin ƙara girma, da mitar gwada wuta. Bambancin yana ga yadda ake bin sawun cutar.

Da wuta ake farawa. Yawancin allunan na rage wutar batir zuwa bolt 3.3, don haka ana duba ko wannan adadi na isa ga sashen GPS da na rediyo, sannan a ɗan lanƙwasa wayoyin batir ana kallon mitar. Idan lambar ta yi tsalle, akwai wayar da ta karye a cikin rigarta.

Idan wuta lafiya, sai a saurari sashen GPS shi kaɗai. Wannan sashe magana yake yi da rubutu, cikin wani tsari da ake kira NMEA, kuma da 'yar ƙaramar mahaɗa ta USB ana iya karanta maganar a kwamfuta. Layin da ke ɗauke da haruffan GGA yana faɗin ko an samu wuri, da kuma taurari nawa ake amfani da su. Idan babu rubutu sam, sashen ya mutu ko wuta ba ta isa gare shi. Idan rubutu na fitowa amma adadin taurari ya tsaya a sifiri bayan an fita fili an jira, to a koma kan eriyar tangaran. Sau da yawa narkar da dalmar ƙusarta a sake like ta shi ne gyaran gaba ɗaya. Idan tangaran ɗin ya tsage kuwa, sai dai a canza shi da mai girmansa.

Kalmar fili tana da muhimmanci a nan. Saƙon taurarin yana isowa ƙasa da rauni sosai, har ya fi hayaniyar da kayan lantarki ke yi da kansu rauni. Rufin kwano ya isa ya tare shi. Na'urori da dama da aka yanke wa hukuncin mutuwa a cikin shago, lafiyarsu ƙalau, sama kawai suke son gani.

Haƙuri ma na cikin gwajin. Taurarin na aiko da bayanin hanyarsu a hankali ƙwarai, ɗigo 50 kacal a daƙiƙa, shi ya sa na'urar da ta farka ba ta tuna komai take buƙatar wajen rabin minti ko fiye kafin ta san inda take. Yawancin allunan na da wani ɗan mitsitsin batir da ke riƙe musu agogo da wannan bayani idan an kashe su, yadda za su farka cikin daƙiƙa biyu. Idan wannan ɗan batir ya mutu, na'urar kan koma jinkiri kullum, kuma wani lokaci takan manta duk saitin da aka yi mata.

Rediyo ne na ƙarshe. A nan akwai ƙa'ida guda da ba a karya ta: ba a kunna na'urar aikawa babu eriya, domin ƙarfin da ya rasa hanyar fita kan dawo ya ƙone sashen da ya fito da shi. Eriyar kanta sau da yawa 'yar waya ce miƙaƙƙiya, amma tsawonta ba na ganin dama ba ne. Rubu'in tsawon igiyar zangon ake yankewa, wato kimanin santimita 8 a megahaz 915, kimanin 17 a megahaz 434. Wanda ya gutsure ta don ta shiga hancin roka, ko ya naɗe ta, ya rage wa kansa nisan da zai ji rokarsa. Haka kuma akwai mahaɗan eriya iri biyu, SMA da RP-SMA, masu kama da juna kamar tagwaye. Suna ɗauruwa da juna tsaf, amma idan aka haɗa biyun da babu mai allura a tsakiya, babu abin da ke ratsawa.

Sauye-sauyen da ake yi mata

Gyara na mayar da na'ura yadda take. Masu roka ba su tsaya nan ba, domin yawancin sassan GPS da ke kasuwa an yi su ne da tunanin mota ko mai tafiya a ƙasa. Sassan kamfanin u-blox na ƙasar Suwizalan, waɗanda suka yaɗu a wannan harka, suna zuwa ne da saitin da ke tsammanin ba za a wuce tsayin kilomita 12 ba. Manhajarsu na tace lissafi bisa abin da take ganin zai yiwu, kuma idan aka ce mata abin da take ciki ya tashi tsaye da gudun sauti, sai ta ɗauka kuskure ne ta watsar. Akwai saitin jirgin sama da kamfanin ya tanada, wanda ke ɗaga iyakar zuwa kilomita 50 tare da yarda da motsi mai ƙarfi. Sauya wannan saiti shi ne gyaran da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya cin ko sisi. Sai dai a kan alluna masu arha, saitin na zaune ne a ma'ajiyar da wancan ɗan batir ke riƙewa. Shi ya sa masu lura kan sa manhajar na'urar ta sake aika umarnin duk lokacin da aka kunna ta.

Ko da wannan saiti, na'urori da yawa kan rikice yayin da inji ke ci. Gudun mita 300 a daƙiƙa zuwa wajen tauraro yana gusar da zangon saƙonsa da kimanin haz 1,600, kuma a roka wannan sauyi na faruwa ne cikin daƙiƙa biyu ko uku. Na'urar kan saki taurarin, sannan ta sake kama su idan gudu ya lafa kusa da ƙololuwa. Wannan bai dami mai nema ba, tunda inda roka ta sauka yake so ya sani.

Akwai kuma iyakar da ba ta fasaha ba ce, ta siyasa ce. Tun zamanin yaƙin cacar baki, ƙasashen Yamma suka shar'anta cewa na'urar GPS ta farar hula ta daina bayar da wuri idan gudu ya wuce kimanin kilomita 1,900 a awa, a tsayin da ya haura mita 18,000, don kada a yi jagorar makami mai linzami da ita. Kwamitin COCOM da ya kawo dokar an rushe shi a 1994, amma sunansa ya bi iyakar har yau. Wasu kamfanoni na rufe na'urar ne idan an karya sharuɗɗan biyu tare, wasu kuma ko guda aka karya. Masu wasan roka sukan zaɓi irin na farko, su haƙura da 'yan daƙiƙoƙin shiru, domin da roka ta rage gudu bayani zai dawo.

Sauran sauye-sauyen na hannu ne. Ana zagaye gindin eriyar tangaran da gam mai ƙarfi, amma ba irin wanda aka cakuɗa da garin ƙarfe ba. Ana ɗaure batir da kyau yadda ba zai zame ya fizge wayarsa ba. Wurin zama ma sai an zaɓa. Jikin kwali, roba ko faiba yana barin igiyar rediyo ta wuce, amma zaren kabon yana tare ta kamar yadda kwano ke yi, haka ma fenti mai ƙyallin ƙarfe. Dalilin ke nan da ya sa na'urar ta fi zama a hancin roka, nesa da sandunan ƙarfe, nesa kuma da ƙananan kyamarori, waɗanda hayaniyar lantarkinsu kan danne raunanan saƙon taurari.

Wani sauyi da ya yi tashe a wani lokaci shi ne na abin wuyan karnukan farauta. Kamfanin Garmin ya fito da na'urar Astro domin mafarauta su san inda karnukansu suka shiga, sai masu roka suka riƙa cire ta daga abin wuyan suna cusa ta a roka. Ta yi aiki, amma ta zo da nata haɗarin. Rediyonta, wanda ke wajen megahaz 151 zuwa 154, ya fi na sauran na'urorin ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ƙarfin nan kan shiga wayoyin na'urar auna tsayi ya rikita ta. Ita kuwa wannan na'ura ita ce ke kunna albarushin lema. Rikicewarta na iya sa lema ta ƙi fita a sama, ko albarushi ya tashi a ƙasa mutane na tsaye a kai. Saboda haka bayan kowane sauyi, ƙa'ida ita ce a kunna dukkan kayan lantarkin tare, a rufe su yadda za su tashi, babu albarushi a ciki, a bar su na tsawon lokaci a ga ko wani zai dami wani.

Ga mai shigo da kaya

Ɗan kasuwa ko ɗalibin injiniya da ya ga irin waɗannan na'urori a intanet ya kamata ya duba zangonsu kafin ya biya kuɗi. Waɗanda aka yi don kasuwar Amurka galibi suna aiki ne tsakanin megahaz 902 da 928, zangon da a can aka bar wa kowa. A Najeriya da Nijar, kamar a Turai, wani ɓangare na wannan zango na layukan wayar GSM ne. Na'urar da ke halal a Nebada za ta iya shiga hurumin kamfanonin waya a Kaduna, su kuma wayoyin da ke kewaye su toshe mata kunne. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da ta-cewa kan kayan sadarwar da ake shigowa da su. Harba roka kuma, a ƙasar da ko jirgi maras matuƙi sai da izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ba abin da mutum zai yi gaban kansa ba ne. Binciken roka a hukumance yana hannun hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta cibiyarta da ke Epe a jihar Legas.

A filin nema

Da roka ta kwanta a ƙasa, nisan da rediyonta ke kaiwa kan ragu ƙwarai. Saƙon da ake ji daga kilomita masu yawa tana sama, yanzu tudu kaɗan ko ciyawa mai tsawo ta isa ta tare shi. Don haka mai nema kan riƙe wurin ƙarshe da aka aiko kafin shiru, ya nufi can, yana ɗaga eriyarsa sama. Idan ya matso, na'urarsa za ta sake jin rokar, ta ba shi ainihin inda take kwance. Wannan ne ya sa ake sa batirin da zai yi awoyi, ba na tsawon tashi kaɗai ba.

A nan ma akwai kuskuren da ke ɓatar da mutane alhali na'ura ba ta yi laifin komai ba. Tsarin NMEA na rubuta wuri da digiri da minti a haɗe. Lambar 4030.000 tana nufin digiri 40 da minti 30, wato digiri 40.5, tunda minti 60 ne ke cika digiri. Wanda ya kwafe ta cikin taswirar wayarsa a matsayin 40.30 ya yi kuskuren kashi biyu cikin goma na digiri. Digiri guda daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, don haka zai je yana dube-dube a wani wuri mai nisan kilomita 22 daga inda rokarsa take.